Fitilar hagu ta koma kamar aci-bal-bal a W123 ta 1978, daga ina zan fara dubawa?

Mai_240D: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da Mercedes W123, 240D ta 1978, na gaje ta ne daga wurin mahaifina, kuma inji lafiyarsa lau. Abin da ya hana ni sakat fitilun gaba ne. Ta dama tana haske daidai gwargwado, ta hagu kuwa ja take yi kamar aci-bal-bal. Na sayi sabon ƙwai H4 na sa, babu abin da ya canza. Na musanya ƙwayayen biyu, na dama ya koma hagu, duk da haka hagun ce mai duhu. Wani abin mamaki kuma, idan na kunna dim, shuɗiyar alamar ful da ke dashbod takan ɗan yi haske kaɗan, sai da daddare ake lura da shi. Sannan sau biyu ke nan ina faɗa wa rami fitilun duka biyu su ɗauke na ɗan daƙiƙa su dawo. Na cire soket na auna da mita, ta ba ni 12.4V, don haka ina ganin waya lafiyarta ƙalau. To mene ne ya rage?

Direban_Dare: Wa'alaikumus salam. Batir ne ɗan uwa. 12.4 ai ya yi ƙasa. Canza batir ka huta.

YarGareji: Direban_Dare, batir ɗaya ne yake ciyar da fitilun biyu. In da shi ne, ta yaya zai zaɓi ta hagu ya bar ta dama? Kuma 12.4V a bakin soket inji na kashe ba abin tsoro ba ne, cikakken batir da ya huta 12.6V yake nunawa. Batir ɗin da ke iya tayar da injin dizal da safe ba ƙwan 55W ne zai gagare shi ba.

Direban_Dare: To altaneta ke nan.

YarGareji: Amsar ɗaya ce, Yaya. Ita ma ba ta san hagu da dama ba.

Baba_Riwaya: Yaro, ka riga ka faɗi ciwon da bakinka ba ka sani ba. Wannan shuɗiyar alamar da ke ɗan haske ita ce ta tona asiri. At ɗin fitilar hagu ne ya mutu, wato wayar da ke mayar da wuta jikin mota.

Bari in yi maka dalla-dalla. Ƙwan H4 ƙafa uku gare shi: ɗaya ta dim, ɗaya ta ful, ta ukun kuma ta at, su biyun suke tarayya a kanta. Wuta ta shigo ta zaren dim, ta zo fita ta ƙafar at, ta tarar hanya a toshe da tsatsa. Ita wuta ba ta zama, sai ta nemi wata kafa. Sai ta bi zaren ful na wannan ƙwan da baya-baya, ta hau wayar ful, ta tsallaka zuwa fitilar dama, ta bi zaren ful na can, sannan ta sauka a at ɗin dama mai lafiya. Ka ga ke nan zare uku ne a jere suke raba abincin mutum ɗaya, dole kowa ya tashi da yunwa. A kan hanyarta kuma ta gifta ta wurin shuɗiyar alamar nan tunda ita ma a kan wayar ful take, shi ya sa take ɗan buɗe ido.

Ga gwaji wanda ba ya buƙatar mita ma. Kunna dim, ka je akwatin fiyus ka zare fiyus ɗin ful na hagu. In fitilar hagu ta ƙara dusashewa ko ta mutu gaba ɗaya, alhali dim ka kunna ba ful ba, magana ta ƙare.

Mai_240D: Baba, Allah ya ƙara girma. Amma ina da tambaya, kada ka ce na cika musu. Na sa mita a kan ƙara, tsinke ɗaya a ƙafar at na soket ɗin, ɗaya a jikin mota, kuma ta yi ƙara. Ba hakan na nufin at ɗin yana nan ba?

Mita_a_Hannu: Bari in shigo nan, don wannan kuskuren ya ci mutane da yawa, har da ni a da. Mita ta zamani kusan ba ta jan wuta ko kaɗan. Ko da silin waya ɗaya tal ne ya rage a cikin guda ashirin, za ta yi maka ƙara, za ta kuma nuna maka 12.4V, ka tafi kana murna. Ƙwan fitila shi ne yake jan kaya. Na 55W yana jan wajen 4.6A, ful na 60W kuma 5A. Sai wannan nauyin ya hau kan waya sannan za a san mai ƙarfi da mai rauni. Kamar famfo ne da bututunsa ya kusa toshewa: in yana rufe, ruwa a cike yake har baki, kana buɗewa sai ɗigo.

Saboda haka kada ka cire soket. Bar ƙwai a ciki, tada inji, kunna dim, ka soka tsinken mita ta bayan soket ɗin inda wayoyi suka shiga. Awo biyu za ka yi a kowace fitila. Na farko: jan tsinke a kan fositib na batir, baƙi a ƙafar dim. Abin da ta nuna shi ne wutar da ta zube a hanya kafin ta iso, kuma bai kamata ya wuce 0.5V ba. Na biyu: jan tsinke a ƙafar at, baƙi a kan negatib na batir, kan batir ɗin kansa nake nufi ba jikin mota ba. Nan kuma 0.2V ne iyaka. Ka kawo mana lambobin huɗu, da abin da batir yake nunawa inji na aiki.

Almajirin_Inji: Malam Mita, don Allah me ya sa ake damuwa da bolt ɗaya (1V) haka? Ni a tunanina 12 da 13 duk ɗaya ne.

Mita_a_Hannu: A wurin hon ko waifa ƙila ba za ka lura ba. A wurin ƙwai mai zare kuwa, haske yana faɗuwa da sauri fiye da yadda wuta ke faɗuwa. In ƙarfin wuta ya ragu da kashi 10 cikin 100, haske yana raguwa da wajen kashi 30. Kuma ba a buƙatar tsatsa mai yawa kafin a kai nan. Turjiya ta 0.3 om kacal a wani mahaɗi, ka ninka da 4.6A, ka yi asarar kusan 1.4V. Wannan asarar kuma ba ɓacewa take yi ba, zafi take zama a daidai wurin. Shi ya sa za ka ga soket ya narke ko makunni yana ɗumi.

Ƙunƙuru66: Ku masu 12V ai kuna cikin daɗi. Tawa Volkswagen Beetle ce ta 1966, mai 6V, shekara ɗaya kafin kamfanin ya fara komawa 12V a samfurin 1967. Batir yana ƙarƙashin kujerar baya, wuta sai ta yi tafiya tun daga can zuwa dashbod sannan ta kai hancin mota. In na rasa bolt ɗaya a hanya, kusan rabin haskena ya tafi. Kuma dainamo gare ta ba altaneta ba, in na tsaya inji na tafiya a hankali fitila sai ta yi lamo, in na taka totur ta farka. Na yi shekara biyu ina zargin dainamo. Ashe wata faffaɗar waya saƙaƙƙiya ce da ta haɗa giya-bos da jikin mota, ta yi kore shar, ina taɓa ta ta marmashe a hannuna kamar busasshen ganye.

Led_Kawai: Duk wannan wahalar ta mece ce? Ka sa LED kawai. Ba ya jan wuta da yawa, ga haske fari tas kamar rana. Mun wuce zamanin ƙwai mai zare.

Direban_Dare: Kai ne ashe kake makantar da mu a hanya.

YarGareji: Led_Kawai, abu biyu. Na ɗaya, LED ma yana buƙatar at. In ka sa shi a kan ruɓaɓɓen at zai riƙa ƙyafta ido ko ya ƙi kamawa, ko kuma ya kama ya ɓoye maka ciwon ya bar tsatsar tana ci gaba da cin wurin. Na biyu, kwanon da ke cikin fitilar da zanen da ke jikin gilashin an ƙera su ne a kan cewa haske zai fito daga wani ɗan siririn zare a daidai wani wuri. A cikin H4 akwai ɗan murfin ƙarfe a ƙarƙashin zaren dim, shi ne yake yanke hasken kada ya hau idon mai zuwa. In abin da ka sa bai zauna daidai wurin zaren ba, hasken watsewa yake yi. Kai a ciki kana ganin gabanka ya yi fari, amma nesa ba ka gani, wanda ke tahowa kuma ya shiga uku. Ƙasashe da dama ma dokarsu ba ta yarda a sa shi a cikin fitilar da aka yi don ƙwan halojin irin H4 ba sai wanda aka tantance.

Led_Kawai: Ni dai shekara uku ina amfani da shi ban ga matsala ba.

Direban_Dare: Ai ba kai za ka gani ba, mu ne muke gani.

Mai_240D: Na dawo. Baba_Riwaya, na zare fiyus ɗin ful na hagu kamar yadda ka ce, fitilar ta kusa mutuwa, ɗan ja-ja kawai ya rage a zaren, shuɗiyar alamar kuma ta ɗauke. Ga awon Malam Mita, inji na aiki: batir 14.1V. Ɓangaren fositib, dama 1.5V, hagu 1.1V. Ɓangaren at, dama 0.15V, hagu 5.6V. Sai da na sake aunawa sau uku don ban yarda ba.

Na bi wayar mai ruwan ƙasa daga soket har inda aka ɗaure ta da noti a jikin mota bayan fitilar. Daga waje wurin tsaf yake, har da fenti mai sheƙi. Ina kwance notin sai ga farin gari da jar tsatsa a ƙarƙashin zoben wayar, kuma fenti ne kwance a tsakanin zoben da ƙarfe. Sai na tuna an taɓa gyara wannan kusurwar aka yi mata feshi shekarun baya. Wanda ya yi aikin ya fesa fentinsa ya mayar da waya a kai, haƙoran notin ne kawai suke ɗan taɓa ƙarfe duk tsawon lokacin nan.

Baba_Riwaya: Madalla. Ka kankare wurin da samfefa har sai ƙarfe ya yi fari, faɗin kwabo ya isa. Zoben ma ka goge shi ciki da waje, in wayar ta yi kore a inda ta shiga zoben ka yanke ka sa sabo. Ka sa wosha mai haƙora, ka ɗaure tamau, sannan ka shafa giris a kai don kada ruwa ya koma. Bayan ɗauri ake shafawa a rufe wurin. Kuma kafin ka taɓa sifana, cire kan batir na negatib tukuna, ka cire agogo da zobe. Na ga zoben azurfa ya yi ja a yatsan mutum, ba na fatan in sake gani.

Malam_Asali: Ƙarin bayani ga masu karatu, kada wani ya ji an ce waya mai ruwan ƙasa at ce ya je ya aikata a kowace mota. A motocin Jamus ne haka: ruwan ƙasa at, rawaya dim, fara ful. A tsofaffin motocin Ingila kuwa baƙa ce at, mai ruwan ƙasa kuma ita ce mai wuta kai tsaye daga batir, ba fiyus a gabanta. Ka ɗaure ta a jikin mota ka ga hayaƙi. Fitilunsu shuɗiya da ja dim, shuɗiya da fari ful. Sannan da yawa daga cikinsu har tsakiyar shekarun 1960 fositib ne a ɗaure da jikin mota ba negatib ba, motar MGB ma sai a 1967 ta juya. A irin waɗannan, kan da ke haɗe da jiki shi ake fara cirewa, ko wane ne shi.

Almajirin_Inji: Wallahi yau na ƙaru. Da na ɗauka launin waya iri ɗaya ne a duniya.

Mai_240D: Alhamdu lillahi, hagu ta dawo. At ɗin yanzu 0.1V. Sai dai ɓangaren fositib na hagu ya tashi zuwa 1.5V, ya yi daidai da dama. Na lalata wani abu ne?

Mita_a_Hannu: Ba ka lalata komai ba. Da can ƙwan ba ya jan cikakkiyar wuta, shi ya sa asarar ta yi kamar kaɗan ce. Yanzu da ya fara ci sosai sai gaskiyar ta fito. Kana da 14.1V a batir, abin da ke isa ƙwai 12.5V. Ka gyara ciwo ɗaya, saura na biyu, kuma wannan na biyun ina zargin shi ne yake ɗauke maka wuta a rami. Tunda duka biyun suke mutuwa tare, laifin yana wurin da ba su rabu ba tukuna, wato makunnin fitila na dashbod ko sandar da ke jikin sitiyari mai juya dim da ful. Bayan nan kowace fitila da nata fiyus ɗin.

Ka bi hanyar taki-taki da mita, fitila a kunne. Tsinke ɗaya a wannan gefen fiyus, ɗaya a wancan. Haka a makunni: ƙafa mai lamba 30 ita ce mai shigowa daga batir, 56 mai fita zuwa sanda, daga sanda kuma 56a ful, 56b dim. Lambobin suna rubuce a jikin robar. Duk inda mita ta nuna lamba mai girma, nan ɓarawon yake.

Hajiya_W123: Ɗana, kafin ka kwance dashbod ka fara da akwatin fiyus, ya fi sauƙi. Tawa ma W123 ce, 230E ta 1982, ina tare da ita tun ba a kiranta tsohuwa. Fiyus ɗin waɗannan motocin irin mai tsini biyu ne, ɗan siririn ƙarfe kwance a bayansa, an maƙale shi tsakanin harsuna biyu. Fari 8A, ja 16A, shuɗi 25A. Ido zai nuna maka lafiyarsa lau, amma ka zare shi ka dubi tsinin, za ka ga ya yi toka-toka ko ya cinye. Masu farin ƙarfe sun fi saurin yin haka saboda ƙarfensu da na harsunan ba iri ɗaya ba ne. Ni duka na zubar na sa masu jan ƙarfe, kuma masu jikin tangaran, don masu jikin roba in suka ji zafi lanƙwashewa suke yi su saki. Na goge harsunan na ɗan matse su. Ko mirgina fiyus ɗin da yatsa ka yi a wurinsa fitila na kunne, in haske ya motsa ka samu ɗaya.

Kawu_Sifana: Hajiya ta tuna mini abin da ba na son tunawa. Ina saurayi fiyus ɗin fitila ya riƙa ƙone mini, na canza sau uku ya ƙi. Wani abokina ya ce ai abu ne mai sauƙi, ya yago farar takardar cikin kwalin taba ya naɗe fiyus ɗin da ita ya mayar. Fitila ta kama, muka yi ta yaba wa kanmu. Ba mu yi tafiyar minti goma ba na fara jin ƙaurin roba, sai ga hayaƙi yana fitowa ta ramin iska. Ashe waya ce ta goge a inda ta ratsa ƙarfe, robar ramin ta zube, fiyus ɗin aikinsa yake yi. Muka hana shi aikinsa, waya ta zama fiyus. Sai da aka sake ɗinkin wayoyin gaba ɗungurungum. Garin neman gira na rasa ido.

Led_Kawai: To in ba ku son LED, ya sa ƙwai mai 100/90W mana. Shi ma H4 ne, yana shiga daidai.

Baba_Riwaya: Yana shiga, amma ka yi lissafi. 100W a kan 12V ya haura 8A, fiyus ɗin kuma na 8A ne. Biyu sun kai kusan 17A, duk ta cikin makunnin da ya saba ɗaukar wajen 10A, yanzu kuma ya haura shekara 40. Mutum yana kukan kaya sun yi wa jakinsa yawa, ka ce a ƙara masa buhu.

Tsohuwar_Amurka: Ni tawa Ford ce ta ƙarshen shekarun 1960, kuma abin da na gani ya ɗan bambanta, ƙila ya amfani wani. Yawancin motocin Amurka na wancan lokacin ba fiyus ne a kan fitilun gaba ba, wani ɗan ƙarfe ne a cikin makunni da ke buɗewa in ya ji zafi ya rufe in ya huce. Da na sa ƙwayaye masu jan wuta fiye da na asali, sai fitilu suka riƙa mutuwa suna dawowa da kansu bayan minti ashirin da kunnawa, ko babu rami. Wani wurin kuma maɓallin dim na ƙasa da ake takawa da ƙafar hagu, ruwa da laka suna kashe shi. Mai_240D, taka mai fitila irin ta Turai ce ko? Don W123 da aka kai Amurka zagayayyun fitilu rufaffu aka sa musu, waɗanda ƙwai da gilashi da kwano duk abu ɗaya ne. Dokarsu ta tilasta irin wannan tun 1940 har 1983.

Mai_240D: Irin ta Turai ce, ƙwai ake cirewa. Ga sabon labari. Fiyus ɗin dim biyu, ɗaya 0.4V ɗaya 0.35V, tsininsu kamar yadda Hajiya ta faɗa. Na canza su na goge harsuna, sun koma ƙasa da 0.1V. Makunnin dashbod tsakanin 30 da 56 yana cin 0.6V, kuma in fitila ta yi minti goma a kunne bayansa yana ɗumi. Sanda 0.3V. Jimillar asara yanzu wajen 1.1V. Na bubbuga dashbod da tafin hannu fitila ba ta ɗauke ba, amma da na girgiza kan makunnin ta ƙyafta sau ɗaya.

YarGareji: To ga shi nan. Ka riƙe wannan dabarar kuma don tsaro kafin ka gama gyara: in suka ɗauke maka a hanya, ja sandar zuwa ƙirjinka kamar za ka yi wa wani filashin. Wutar filashin ba ta bi ta makunnin fitila ba. In ful ya kama, ka samu hasken da za ka tsaya a gefe, kuma ka tabbatar ƙwai da at lafiya suke.

Shawarata ka sa rile biyu, wato ɗan makunnin da ƙaramar wuta ke kunnawa ya ɗauki babbar, ɗaya na dim ɗaya na ful. A jikin rile, ƙafa 30 daga batir da waya mai kauri 2.5mm², fiyus kusa da batir, 87 zuwa ƙwai, 86 daga tsohuwar wayar fitila, 85 zuwa at. Makunni zai koma ɗaukar abin da bai kai 0.2A ba a maimakon 10A, asara kuma za ta sauko ƙasa da rabin bolt.

Malam_Asali: A nan ne zan rabu da ke, ƙanwata. An ƙera W123 kusan miliyan 2.7 daga 1976 zuwa 1986, kuma da wannan tsarin suka yi ta yawo da dare ba wanda ya ce ba ya gani. Makunni ne ya tsufa, a gyara shi ko a sa wani. Rile rufa-rufa ne. Na sha buɗe bonet in tarar da wayoyi ja da baƙi an yanka an murɗe an naɗe da salatif, babu wanda ya san inda suka dosa, zanen wayoyin da ke littafin mota ya tashi daga aiki. Wanda zai gaji motar nan gaba shi zai sha wahala, kamar yadda mai fenti ya bar wa Mai_240D tasa.

YarGareji: Yaya, ba sai an yanka komai ba. Ana haɗa shi da fulogi mai shiga tsohon soket ɗin H4, ranar da ka ga dama ka zare ka mayar yadda take. Kuma shi sabon makunnin da kake cewa, ba kullum ake samun mai ingancin na asali ba.

Mita_a_Hannu: Kowannenku yana da gaskiya a wani gefe. Amma ƙanwata, rile ba zai warkar da ɗaukewar nan ba. In makunni ya saki a rami, rile ma sakin zai yi, don daga can yake karɓar umarni. Har ma wani lokaci ƙaramar wuta ta fi wahalar ratsa datti fiye da babba. Dole a taɓa makunnin ko da rile ko babu. Abu na biyu, wanda ya tsara motar ya ba kowane zare fiyus nasa don kada fiyus ɗaya ya jefa ka cikin duhu. Yawancin haɗin rile da ake yi, fiyus ɗaya ne yake riƙe da dim biyu. In za a yi, a raba hagu da dama. Na uku, ƙwai zai fi haske amma zai fi saurin mutuwa, ƙarin kashi 5 cikin 100 na wuta yana iya raba kwanansa biyu. Sai a riƙa ajiye na ko-ta-kwana, kuma kada a taɓa gilashinsa da yatsa, maiƙon hannu yana sa wurin ya yi zafi fiye da kima.

Hajiya_W123: Ni ban sa rile ba har yau, kuma ina gani. Amma ku duba kwanon cikin fitilar ma. Nawa ya yi dishi-dishi, duk gyaran wayar da aka yi haske bai gamsar da ni ba sai da aka canza shi. Kada dai a goge shi da tsumma, rufin siriri ne ƙwarai, yana bin hannu.

Direban_Dare: Ni har yanzu ina ganin ya duba batir ɗin.

Ƙunƙuru66: Kai Direba, Allah ya shirye ka. An ce maka 14.1V.

Direban_Dare: Ai wannan na altaneta ne, inji na aiki aka auna.

Mita_a_Hannu: A wannan kam ya kama ku, gaskiyarsa. Sai dai ba shi ne ya kashe fitilar hagu ba.

Mai_240D: Na gode muku duka. Na ciro makunnin jiya da yamma. Ƙafar 56 ta yi baƙi, robar gefenta ta ɗan narke, kuma bakin wayar da ke shiga wurin ya saki har yana rawa. Na matse shi, na fesa maganin wanke mahaɗin waya a cikin makunnin na yi ta juya shi. Yanzu 0.25V yake ci, jimilla 0.7V. Na bi ta kan ramin da ya saba ɗauke mini wuta sau biyu, ba ta ɗauke ba, amma ba zan rantse ba tukuna. Maganar rile ban yanke ba. Baba_Riwaya, kai ba ka ce komai a kai ba.

Baba_Riwaya: Robar da ta narke ba ta komawa, yaro. Ka yi mako guda kana tafiya da ita, kullum in ka dawo ka kai hannu bayan makunnin ka ji ko da ɗumi, ka sake awo fitila na kan ful, don duk lambobin da ka kawo mana na dim ne. Ka kawo na ful ɗin mu gani, sannan in faɗi nawa.

Malam_Asali: In ya tashi sayen makunni ya duba lambar da ke jikin tsohon, ba duka ne iri ɗaya ba.

Almajirin_Inji: Don Allah kafin a watse, tawa in na taka birki ƙaramar fitilar gaba ce take kamawa. Shi ma at ne, ko in buɗe sabuwar tambaya?